Yadda Za Ki Buɗe Asusun Banki a Malanville Ba Tare da Kin Ari Gidan Kowa Ba

"Ba zan rubuta ba, Baba."

Abin da Basira 'yar Kamba ta faɗa wa Alhaji Haliru ke nan a bakin rumfarsa da ke kasuwar Malanville ta ƙasar Benin, takardar banki na hannunta. Alhaji Haliru fatoma ne. Shi ke saukar da 'yan kasuwar da ke shigowa daga Nijeriya, ya ba su wurin baza kaya, ya haɗa su da masu saye. Umarnin da ya ba ta bai da tsawo: inda takardar ta tambayi wurin kwana, ta rubuta gidansa kamar yadda kowa ke yi. Ta ƙi. Yau tana da asusu da sunanta, da sunan garinsu.

Ke ma za ki iya, 'yar'uwa. In kina shigowa Benin da kaya, ki sayar a sefa, ki koma gida ki mayar naira, kafin mako ya zagayo kuɗin su rame a hannunki, to zauna ki karanta. Ki bi matakan nan yadda Basira ta bi su, na ba ki tabbacin za ki samu inda sefarki za ta zauna a matsayin sefa, ba tare da kin yi ƙarya ko ɗaya ba. Wannan hanya ba ta taɓa ba kowa kunya ba. Mutum ɗaya ce ta gwada ta, kuma ta ci nasara.

Mataki na 1: Ki san abin da kike ƙi

Gidan Alhaji Haliru ɗaki huɗu ne, da ƙwan lantarki uku, da fanka ɗaya wadda ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. A takarda kuwa mutum arba'in da ɗaya ke kwana a ciki. Banki na son ganin fakti, wato takardar biyan kuɗin wuta, don ya tabbatar a gari kike zaune. Alhaji na da fakti. Sai ya ba ki hoton tasa, mai unguwa ya buga hatimi cewa ke ɗiyar gidan ce, cikin kwana uku ki fito da littafinki.

Kyauta yake yi, kada ki ɗauki alhakinsa. Sai dai wanda ya zama ɗan gida a takarda, ɗan gida ne a kasuwa. Kayanki ba za su bi ta hannun wani dillali ba. Wasiƙar banki in ta zo, gidan Alhaji take sauka.

"Ɗiyata, mi ya yi zafi?" in ji Alhaji. "Da uwarki na kasuwanci, gidana za ta rubuta."

"Baba, ban taɓa kwana gidanka ba."

"Su arba'in ɗin sun taɓa? Ina za su kwanta?"

"Ni Kamba nike kwana."

"Banki bai san Kamba ba."

"Za shi sani."

Ki lura, a durƙushe ta faɗi duk wannan. Ƙin bin umarnin babba a tsaye rashin kunya ne. A durƙushe kuwa babu wanda ya san sunan da zai sa masa, kafin a samo sunan kin tashi kin tafi.

Mataki na 2: Ki nemi abin da ba a taɓa nema ba

Ki sa mayafinki mai kyau, ki shiga banki, ki gaida mai gadi da kyau domin za ku daɗe tare. A gishe, wato tagar da ake karɓar mutane, Basira ta tarar da Madam Zeinabou, mace mai tabarau da fara'a, wadda ke jin Dendi da Zabarmanci da Hausa da Faransanci, kuma tana iya cewa "dawo mako mai zuwa" da kowannensu.

"Asusun wanda ba mazaunin ƙasa ba nike so," in ji Basira.

Madam ta cire tabarau ta dube ta. "Ba ke ce ta rumfar Alhaji ba, mai robobi?"

"Ni ce."

"Kun yi faɗa?"

"Ko kaɗan."

"To akwai irin wanga asusu," in ji Madam. "Lokacin da anka horar da mu an ambace shi. Ranar ma an raba lemo."

Takardar cikewa ba ta nan, sai an aiko daga Kwatano. Mako uku ta yi a hanya. Kada wannan ya dame ki. Takardar da ta zo da wuri ba a ganin darajarta.

Mataki na 3: Ki kawo faktin gidanku, ko da na mamaci ne

Fasfo da hotuna ba su da wuya. Ki ba mai hoto dala ɗari biyu, wato sefa dubu, ya fitar da ke kamar wadda jandarma ke nema, an gama. Faktin ce aiki. Basira ta koma Kamba, ta kwalekwale da babur kamar kullum, ta ɗauko ta gidansu.

Madam ta karanta sunan da ke kai. "Wane ne Mamudu?"

"Kakana."

"Sai shi zo shi sa hannu."

"Shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa."

"Allah shi jiƙan shi. Amma shina biyan wuta?"

"Kowane wata. Wutar ce ba ta zuwa."

Madam ta yi dariya har ta dafa teburi, sannan ta maido takardar. Ki koyi wannan tun yanzu: dariyar ma'aikaci ba hatimi ba ce. Tun da faktin ba ta da sunan Basira, sai an haɗa da wasiƙar mai unguwarsu da za ta shaida cewa jikar marigayin ce, kuma a ƙarƙashin wannan mita take kwana.

Mataki na 4: Ki koya wa takardarki Faransanci

Mai unguwar su Basira ya rubuta wasiƙa da Hausa mai daɗi, har ya ƙara da cewa yarinya ce mai tarbiyya, ta yi boko har difloma. Madam ta karanta ta a fili daga sama har ƙasa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Hausa tasa ta yi kyau," in ji ta. "Ni na gane. Dosiye ne ba ya jin Hausa."

Dosiye shi ne kwalin da ake zuba takardunki. Ba ya magana, amma shi ne mai gidan.

Sai an fassara, kuma ba kowa ke fassarawa ba, sai mai rantsuwa da hatimi. Akwai shi a Faraku, can kudu, tafiyar wuni guda. Basira ta je. Mutumin ya juya wasiƙar, ya ce shi daga Ingilishi yake fassarawa zuwa Faransanci, Hausa kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Basira ta ce ta iya Ingilishi, ya ba ta biro ta mayar masa yanzu.

"Kina da hatimi?" ya tambaya da Faransanci, direban motar da ta zo da ita yana yi musu tafinta.

Ba ta da shi. Difloma take da ita, diflomar kuma ba ta dangwaluwa a tawada.

Don haka ki tafi Birnin Kebbi a mayar da Hausa Ingilishi, ki koma Faraku a mayar da Ingilishi Faransanci, ki kawo wa Madam ta karanta ta fassara miki da Hausa abin da aka ce. "Yarinya mai tarbiyya" ta dawo "ƙaramar yarinya wadda aka horar". Ki karɓa hakanan.

Mataki na 5: Ki saba da rana

A wata na uku Alhaji Haliru ya tuna yana buƙatar wurin da Basira ke baza kaya. Bai kore ta ba. Cewa ya yi 'ya'yan gida sun yi yawa, inuwa ta yi kaɗan. Ta yi godiya, ta kwashe bokitai da bahohinta, ta koma bakin hanya kusa da Fatu, wata mai albasa daga Garou.

Roba ba ta son rana. Cikin mako shida jan baho ya koma kalar da ba ta da suna. Masu saye suka fara ɗagawa suna tambaya ko an taɓa wanki a ciki.

"Ce musu sabon yayi ne daga Legas," in ji Fatu.

"Ƙarya ce, Inna."

"Au, har da mu nan ba a ƙarya? To Allah shi ba ki haƙuri, mu ma shi ba mu."

Basira ta rage kuɗin bahon, ta sayi laima. Laimar ta ishi kanta da bokiti biyu.

Mataki na 6: Ki gane cewa takarda ma tana mutuwa

Rayuwar takarda wata uku ce. Ranar da wasiƙar ta iso da Faransancinta, faktin marigayi ta tsufa, hotunan ma an ce ba sa kama da ita, wanda gaskiya ne, domin rana ta taɓa ta. Sai an sake. In an sake su kuma wasiƙar na dab da cikawa.

Ranar Madam ba ta yi dariya ba. Ta matso bakin gishe ta rage murya.

"Ƙanwata, je ki gaida Alhaji. Jibi ki amshi littafinki. Babu mai tambayarki komi, ni ce mai tambayar."

A nan ake faɗuwa, don haka ki karanta a hankali. Basira ta fita da takardar cikewa ta mazauna gari a jaka, ƙafarta kuma ta nufi rumfar Alhaji. Ta gaji. Wata biyar ke nan tana ɗinke sefa a cikin ɗan tofi tana tsallaka kogi da ita, ga rumfar nan da sanyinta. Alhaji ya hango ta, ya gyara zama, har ya zaro biro daga aljihu.

Kafin ta ƙarasa sai ta ga ambulan ɗin banki a buɗe a cinyarsa. Yana kiran wani mai sayar da takalma, magidanci mai furfura a gemu.

"Amadu, wasiƙarka ta zo. Na ga an aiko maka kuɗi daga Gaya, ba ka gaya mini ba. Da wa kake ciniki can?"

Amadu ya sunkuyar da kai yana murza hula, ya fara bayani.

Basira ta durƙusa. "Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, ɗiyata. Kin kawo?"

"Gaisuwa na kawo."

Ta tashi ta wuce wurin mai hoto.

Mataki na 7: Ki karɓa kamar ba komai ba

A zagaye na biyu ki fara da takardar da ta fi nisa, ki ƙare da hoto. Da na faɗa miki wannan tun farko, da ba ki ga amfaninsa ba.

A wata na bakwai dosiye ya gamsu. Sai da aka aika kasuwa aka sayo sabon rajista, domin reshen bai da littafin da ake rubuta irin su Basira. Madam ta buɗe shafin farko, ta ja layi da rula, ta rubuta lamba ɗaya. Mai gadi ya leƙo ya ga abin da idonsa.

Basira ta bi ta rumfar Alhaji, domin rashin nuna masa raini ne. Ya riƙe littafin nesa da ido.

"Mi anka rubuta nan?"

"Kamba, Baba."

"Wata bakwai," in ji shi, "don ki gaya ma banki abin da duk kasuwa ta sani." Ya juya littafin, ya sake juyawa. "Wasiƙunki fa, ina za su sauka?"

"Hannuna."

Ya miƙa mata, ya sa albarka. Bai ce ta dawo inuwa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Wata mai sayar da kwanuka ce a wurin yanzu, ta arba'in da biyu.

Kafin ki ɗauki mayafi

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da zai same ki. In babur ya kayar da ke a hanyar Madekali za ki bakin kogi, in mai fassara ya tafi hutu, in kakanki ya ƙi tashi ya sa hannu, tsakaninki da su ne. Asusu na yi miki alkawari, ban ce za ki same shi a inuwa ba.

Ga abin da Basira ta biya, don kada ki ce an ɓoye miki: wata bakwai, tafiya Faraku sau uku, ribar kaka guda da ta tafi a kan bahohin da suka koɗe, masu sayen sari da Alhaji ke turo mata waɗanda ba su sake zuwa ba, da rumfar da ba za ta koma hannunta ba. Har yau a bakin hanya take, kusa da albasar Fatu, ƙarƙashin laimar da ta ishi kanta da bokiti biyu. Wasiƙar banki ta farko ta zo makon jiya, a liƙe. Ita ta yage bakinta.