Manhajar da Ba Ta Amsa Sallama

"Wa alaikumus salamu, shigo mana. Au, ashe kai ne. Da na sani da na riƙe amsata, na zaci baƙon kirki ne."

Hajiya Delu ce mai wannan magana, tana zaune a kan tabarma a inuwar tsakar gidanta da ke Gyaɗi-Gyaɗi, tana ɓarar gyaɗa a faranti. Wanda ya shigo jikanta ne, Ashiru, da jaka a kafaɗa, ido ya yi ja, duk ya yi zuru-zuru. Tun yana rarrafe take kiransa maigida, shi kuma da ya yi baki ya raɗa mata tsohuwa, kuma har yau babu wanda ya janye.

"Ina wuni, tsohuwa. Ashe kina nan da ranki. Ni da na shigo layin ina duba ko an kafa rumfa."

"Sai na ga mai tsautsayin da za ta aure ka tukuna, in yi mata jaje. Ina cefane?"

"Cefanen me? Haƙori nawa ya rage miki?"

"Wanda ya rage ya isa ya tauna naman da ba ka taɓa kawowa ba. Miji ya kwana biyu ba a gan shi ba, ya faɗo gida hannu na dukan cinya. To, ka sani, ban ɗora tukunya da kai ba."

"Riƙe tuwonki. Caji na zo yi, tun jiya babu wuta a Hotoro."

Ya wuce ya jona kwamfutarsa a jikin wutar solar da kawunsa ya sa mata, ya jawo ta gefen tabarmar ya zauna ya buɗe ta. Daga nan ya duƙufa a kanta ya manta da zolaya, abin da Hajiya ba ta saba gani ba.

Ashiru dai mai rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma wannan ne aikinsa na farko da za a kira aiki. Wani dattijo, Malam Lawan, mai ɗakin gwajin jini a Tarauni, shi ya yarda da shi ya ba shi. Manhajar ba wani abin kai ba ce: a shigar da sakamakon gwaji, a danna maɓallin da aka rubuta wa "Ajiye", ita kuma ta adana, ta shirya takardar da za a buga wa mai ita. Sai dai tun da aka ɗora ta take abin kunya. Ana tsakiyar aiki sai ta sandare, ba gaba ba baya, sai an kashe kwamfutar an kunna, abin da aka shigar ya bi iska. Ga mutane a benci, wasu daga asibiti suka taho sun baro mara lafiya a gado, duk faɗan kuma a kan Sista Ruth yake ƙarewa, mutuniyar Filato da ke zama a teburin kwamfutar. In aka kira Ashiru ya je, sai manhajar ta yi lumui kamar ba ita ba. Da safen nan Malam Lawan ya gaya masa, cikin mutunci amma ba da wasa ba, cewa in har aka tashi aiki yau ba ta gyaru ba, ya zo ya cire abarsa su koma wa biro. Tsoro Ashiru yake ji sosai, don ya san in wannan ta kuɓuce masa, ba lallai wani ya sake yarda da shi ba.

Hajiya ta miƙo wuya. "Wannan tiren ne ya ramar da kai haka?"

"Ba tire ba ne, kuma ba za ki gane ba."

"Gaya mini dai. Na yi renon uwarka, na yi naka, babu rigimar da ban gane ba."

Ya gaya mata a taƙaice. Ta gyaɗa kai kamar likita.

"Aljanu ne. Duk wanda yake garau a gabanka, kana juya baya ya faɗi, ai ba ciwon asibiti ba ne. Bari in ɗebo garwashi mu yi mata hayaƙi."

"Ki kusanto ta da garwashi ki gani, yau a gidan kawu za ki kwana." Ya danna maɓallin, ya jira, ta ajiye lafiya lau. Ya yi tsaki. "Kin gani ko? Tun jiya haka nake fama. Ni so nake ta lalace a gabana, ta ƙi."

"Allah ya shirye ka. Mutane na roƙon kayansu su gyaru, kai kana roƙon naka ya lalace."

"In ban ga faɗuwarta da idona ba, ta ina zan san inda zan taɓa?"

"Ashe lalacewa kake nema, shi ne kake ta wahala ina zaune? Kawo ta nan. Marigayi kakanka cewa yake babu abin da ya taɓa shiga hannuna ya fita da ransa. Rediyonsa, agogonsa, har keken ɗinkin maƙwabta, duk ni na yi musu sanadi."

Ashiru ya gaji, ba shi da wata dabarar da ta rage. Ya tura mata kwamfutar, ya nuna mata inda za ta taɓa. "Nan. Kada kuma ki shafa mata man gyaɗa."

Ta goge hannu a zani, ta yi bismilla, ta danna. Ta ƙura ido, ba ta ga komai ya motsa ba. Ta sake dannawa. Shiru. Ta ƙara ta uku da ɗan ƙarfi. Nan take fuskar kwamfutar ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka, wani ɗan zobe ya fito yana ta juyawa, komai ya tsaya cak.

Hajiya ta janye hannunta a hankali.

"Ashiru," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "na kashe ta ko? Wallahi wasa nake yi. Na san ita ke nan gare ka."

Rabon da ya ji ta kira shi da sunansa na yanka har ya manta. Tausayinta ya kama shi, amma murna ta fi ƙarfinsa, sai ga shi ya miƙe tsaye yana dariya har da tafi.

"Ita ce. Wallahi haka take yi musu. Tsohuwa, me kika yi mata?"

Ta dube shi da kyau, ta tabbata ba zautuwa ya yi ba, sannan ta gyara ɗaurin kallabi. "Abin da ka ce in yi."

"Sau nawa kika danna?"

"Uku mana."

"Wa ya ce ki yi uku?"

"Wa ya ce ta yi mini banza? In ka je ƙofar gida ka yi sallama aka yi shiru, tsayawa za ka yi kamar turke? Ai sakewa za ka yi, ko ba a ji ba. Sai ka cika uku sannan ka juya. Ita kuma wannan, ka taɓa ta, ba 'na'am', ba 'ina zuwa'. Da ganinta ka san wanda ya rene ta."

Ashiru ya koma ya zauna. Shi da ya rubuta manhajar ya san tana ɗan ɗaukar lokaci kafin ta gama ajiya, don haka sau ɗaya yake dannawa ya jira, bai taɓa kawo wa ransa cewa wani bai san da wannan jiran ba. Ya ciro waya ya kira Sista Ruth.

"Sista, don Allah in tambaye ki. In za ki ajiye sakamako, sau nawa kike danna maɓallin?"

Ta yi 'yar dariya. "Gaskiya, Ashiru, in mutane sun yi yawa ina dannawa ne har sai ta ji. In kana wurin ne nake yi sau ɗaya, don kada ka ce ban iya ba."

Ya yi mata godiya ya kashe wayar. Yanzu abin ya fito masa fili. Kowace dannawa aikin ajiya take tayarwa daban, su uku su rugo wuri ɗaya, kowanne ya riƙe gefe yana jiran ɗan'uwansa ya saki. Ya kwatanta wa Hajiya da ƙarti uku da suka cushe a ƙofar ɗaki, babu mai shiga babu mai ja da baya.

"Kamar ku ranar rabon naman salla," in ji ta.

Hannun Ashiru ya riga ya koma kan aiki. Ya sa maɓallin ya riƙa kulle kansa da zarar an taɓa shi, kada ya sake karɓar wata dannawa sai an gama. Ya mayar da aikin ajiyar can baya, don fuskar manhajar ta daina sandarewa. Sannan ya zo kan rubutun da zai fito wa mai jira, ya karanta mata: "Ana sarrafa bayanai."

"Wannan ai labaran rediyo ne. Wa zai amsa sallama da haka? Ce mata ta ce, 'An ji. A ɗan dakata, ana aiki.' In ta gama kuma ta ce ta gama, kada ta bar mutum a tsaye."

"Yanzu har da gyara mini rubutu, ke da ko lambar wayarki ba ki riƙe ba?"

"Rubuta, ko in janye hannuna daga kamfanin."

Ya rubuta kamar yadda ta faɗa, ya sake tura mata. "To, bismilla. Kashe ta in kin isa."

Hajiya ta zage. Ta danna uku, ta danna bakwai, ta haɗa da yatsa biyu kamar mai kiɗan ƙwarya. Kowane karo rubutun ya fito ya ba ta haƙuri, can kuma ya ce an gama. Da ta gaji ta koma ta jingina.

"Ta yi hankali. Sai ka gaya wa Malam Lawan injiniyar tana Gyaɗi-Gyaɗi, kai ɗan aike ne."

"Ɓarna fa kika yi, gyaran ni na yi."

"Kwana nawa ka yi kana neman ɓarnar ka kasa?"

Ashiru ya kwafe gyaran a 'yar ma'ajiyar filash, ya saɓa jaka, ya fita da sauri ya tari adaidaita zuwa Tarauni. A can Sista Ruth ta gwada a gaban Malam Lawan, ga benci cike da mutane, ta danna iya son ranta, manhajar ba ta ko gezau ba. Wata mata da aka miƙa wa takardar ɗanta ta tsaya ta sa musu albarka kafin ta ruga asibiti. Malam Lawan bai yi dogon bayani ba, ya dafa kafaɗar Ashiru ya ce gobe ya zo da wuri, akwai wani abokinsa a Daurawa da ke son irinta.

Ana dab da magariba ya dawo Gyaɗi-Gyaɗi da ƙunshin balangu mai taushi da ledar farin goro. A hanya ya shirya zolaya kala-kala, amma da ya iso ƙofar duk suka gudu, ba abin da ya rage a ransa sai godiya. Ya tsaya a zaure ya yi sallama.

Shiru. Ya buɗe baki zai sake ke nan, sai muryarta ta taso daga wajen murhu.

"An ji. A ɗan dakata, ana aiki."

Ya jingina da bango yana dariya, ya kuwa dakata. Sai da ta ga dama sannan ta ce, "An gama." Ya shiga ya durƙusa a gabanta, ya ajiye ƙunshin.

"Hajiya, na gode. Da ba don ke ba, yau da na cire ta. Kin ci, ke ce injiniya."

Ta kawar da kai tana gyara itacen da bai buƙaci gyara ba. "Ka daina, ba ya yi maka kyau. Ni lalatawa na iya, wancan rubuce-rubucen ko a mafarki ba zan iya ba. Allah ya yi maka albarka." Ta jawo wata langa daga bayanta ta tura masa. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, har da man shanu, da zafinsa.

"Ba ke kika ce ba ki ɗora tukunya da ni ba?"

"Da wancan mai hannu na dukan cinya na ce. Wannan maigidan da cefane ya zo." Ta kwance ƙunshin balangun, ta zaɓi tsoka mafi girma ta ɗaga masa. "Ci tuwonka, ka zuba ido ka ƙirga haƙoran da kyau."