Sanarwar Rasuwar Mai Nishi, Firijin Maman 'Yan Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma hanci wanda har yau bai dawo hayyacinsa ba, Maman 'Yan Biyu tana sanar da 'yan uwa, maƙwabta, abokan aiki da sauran masoya rasuwar tsohon firijinta, wanda yaran gida suka fi sani da Mai Nishi. Ya rasu a tsaye, a kusurwar da ya saba tsayawa a kicin, tsakanin tagar baya da durowar kwanuka. Babu wanda ya san takamaiman ranar da ya cika, domin babban mutumin da ke cikin gidan a lokacin bai lura ba, kuma wannan rashin lura shi ne rabin takaicin.

Marigayin ya fara rayuwa ne a gidan mahaifiyar Maman 'Yan Biyu, tun ita tana yarinya tana buɗe ƙofarsa ta cusa kai don shan sanyi, ana kore ta da muciya. Da tsufa ya kama mahaifiyar ta koma gidan babban ɗanta, sai ta ce a kai wa 'yarta firijin. Ya iso a bayan mota, ɗaure da igiya kamar ragon da ya yi gardama. A da fari ne sol. A lokacin da ya shigo gidan nan ya riga ya koma launin haƙorin dattijo, kuma da wannan launi ya ƙare rayuwarsa.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaida haƙurinsa. 'Yan biyun gidan sun yi lilo da ƙofarsa tun suna koyon tafiya, sun manna masa hotunan motoci da na kifaye, sun zana masa gashin baki da biro, bai taɓa ramawa ba. Shi ke riƙe maganin zazzaɓin yara. Shi ke ba da ƙanƙara idan wani ya buga goshi ya yi ƙulu. A kansa ake ajiye ashana, wuƙaƙe da ruwan wanke banɗaki, inda ƙananan hannaye ba sa kaiwa. Kuma bai taɓa tona asirin cakulan da uwar gidan ke ɓoyewa a cikin tsohuwar robar man shanu, can bayan kabeji, inda ta tabbata babu yaro ko miji da zai leƙa. Maganarsa kaɗan ce. Yakan ce "hmmmmm" na tsawon lokaci, sai ya girgiza jiki ya ce "gurrr", sai "tik", ya yi shiru ya huta. Baƙi kan zabura. Mutanen gida kuwa sai in ya yi shiru ne suke tuna yana nan.

Ba za a ɓoye cewa yana da rauninsa ba. Robar da ke gefen ƙofarsa ta saki tun shekarun baya, don haka hannu kaɗai ba ya rufe shi. Sai an tura da gwiwa har an ji ƙofar ta ce "tup". Kowa a gidan ya san wannan, har 'yan biyun, waɗanda ke yin abin da kafaɗa saboda gwiwarsu ba ta isa ba.

Babbar hidimarsa ta zo ne a watanninsa na ƙarshe. Maman 'Yan Biyu malamar firamare ce, tana hutun haihuwar Auta, kuma hutun ya kusa ƙarewa. Auta kuwa cikinta ba ya karɓar madarar gwangwani. An gwada mata iri-iri, kowacce sai amai da ƙuraje har cikin wuya. Saboda haka uwar ta shiga tatsar ruwan nononta tana zubawa a ƙananan kwalabe, tana jerawa a ɗakin ƙanƙara na saman firijin, don Auta ta samu abin sha idan ita tana aji. Wadda ba ta taɓa yi ba ba za ta gane wahalarsa ba: zama a gefen gado da ciwon baya, ga yara suna buga ƙofa, ga tukunya a wuta, a tashi da abin da bai cika rabin kwalba ba. Haka ta yi ta tarawa mako bayan mako, har ɗakin ƙanƙarar ya cika. Wani lokaci takan buɗe shi kawai ta kalli jerin kwalaben, ta ji hankalinta ya kwanta, ta rufe da gwiwa.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da wata tafiya. An yi wa ƙanwar Maman 'Yan Biyu aiki a asibiti a wani gari, babu mai kula da ita, sai ta kwashi yaran duka ta tafi jinya na 'yan kwanaki. Baban 'Yan Biyu ya zauna saboda ofis. A bakin ƙofa, da Auta a baya da jaka a hannu, ta juyo ta ce masa, "Abu ɗaya na roƙe ka, Baban 'Yan Biyu. In ka buɗe firijin nan, ka tura ƙofar da gwiwa har ka ji ta kama." Ya yi dariya, ya ce ita dai tana masa kallon yaro, ta tafi kawai Allah ya kiyaye hanya.

Kashegari wani abokinsa ya kawo masa kyautar kifi, ƙato, ɗanye, ko cikinsa ba a fasa ba. Baban 'Yan Biyu ya ga abin alheri, ya ce zai ajiye wa iyali su dawo su tarar. Ya cusa shi a tsakiyar firijin tare da ledarsa. Kifin ya fi ƙarfin wurin, wutsiyarsa ta leƙo waje, ƙofar ta jingina a kanta. Ya tura da hannu, ya ga kamar ta rufu, ya kashe fitila ya fita. Daga wannan lokaci marigayin ya shiga aiki ba hutu, yana ƙoƙarin sanyaya kicin gaba ɗaya ta wannan 'yar kafa. Nishinsa ya zama kuka, kukan ya zama gurnani. Maƙwabciyarsu mai ɗinki ta ce tana jiyo shi ta bango. Daga baya ya yi shiru.

Abin da ya fi ci wa Maman 'Yan Biyu rai shi ne, mijin nata ya ji shirun. Har ya kira ta a waya yana mata albishir cewa tsohon firijin ya warke daga nishi, gidan ya yi daɗin zama. Tana tsaye a barandar asibiti a lokacin, Auta na kuka, ma'aikaciyar jinya na kiran ta, sai ta ce madalla ta kashe wayar. A waje yake cin abinci, ruwa kuma yana da na roba a ɗaki, don haka babu abin da ya sake kai shi kicin.

Sai wari ya fara. Baban 'Yan Biyu ya shinshina hagu, ya shinshina dama, ya yanke hukunci cewa kwatar maƙwabciya ce. Ya je har ɗakin ɗinkinta, a gaban matan da suka zo gwajin kaya, ya ce mata ƙazanta ma tana da iyaka, mutane ba za su mutu saboda ita ba. Baiwar Allah ta ajiye almakashi, ta zagaya da shi baya, ta ɗaga murfin kwatar, ga ta nan a wanke tas. Bai ba da haƙuri ba. Ya ce to daga wani wurin ne, ya sayo turaren fesawa mai ƙamshin lemo, ya feshe falo, ya ja ƙofar kicin ya rufe, ya toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen tawul. Da ƙudaje suka fara taruwa a jikin tagar baya, ya ce ai lokacinsu ne.

Ranar da iyalin suka dawo, tun daga bakin ƙofar gida warin ya fito ya tare su, gauraye da ƙamshin lemo, wanda ya ƙara masa muni. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ya yi amai a kan takalminsa. Maman 'Yan Biyu ta miƙa wa mijinta Auta, ta kora yaran waje, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta take tawul ɗin ta tura ƙofar kicin. Wani baƙin ruwa mai kauri ya malalo daga ƙarƙashin firijin ya kwanta har gindin murhu, ya yi yanar da ke kama silifa. Ta ga wutsiyar kifin a waje. Ta ja ƙofar firijin.

Iyalan marigayin sun so a taƙaita wannan ɓangare, amma gaskiya ba ta taƙaituwa. Kifin ya kumbura ya fashe, ya narke ya bi ta tsakanin ƙarafuna yana ɗiga a kan duk abin da ke ƙasa. Tsutsa fara fat ta cika ledar tana motsi kamar shinkafar da ke tafasa, wasu sun hau bango, wasu suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya a kan ƙafarta. Kabeji ya koma kunu. Tukunyar miya ta tsiro gashi kore da toka-toka mai tsawon yatsa. Ƙwai sun tsage suna fitar da abin da ba shi da suna. Ta miƙa hannu ta buɗe ɗakin ƙanƙara. Ɗumi ne ya bugi fuskarta. Kwalaben suna nan a jere yadda ta bar su, sai dai abin cikinsu ya tsinke, ya rabu gida biyu, rawaya a sama, guda-guda a ƙasa, wasu murafen sun ɗago saboda tsami.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta juya ta a hannu, ta mayar. Mijin yana tsaye daga nesa da hannu a hanci, ya fara bayanin cewa shi ya ɗauka kwata ce, kuma kifin ai don su ya ajiye. Ta dube shi ta saman ɗankwalin, ta ce, "Wancan kifi ne, ana sayarwa a kasuwa. Wannan fa, a ina za ka sayo wa 'yarka?"

An kira mai gyara. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ja rigarsa ya rufe hanci, ya lallaba ya leƙa bayan marigayin, ya ce injin ya ƙone ƙurmus, sai haƙuri. Da ya ɗan janye shi daga bango, sai ga kyankyasai sun watse ta ko'ina, manya da ƙanana, daga gidan da suka gina a cikin ɗumin injin, da alama tun ba yau ba. Mahaifiyar Maman 'Yan Biyu ta yi ta'aziyya ta waya. Ta ce firijin ya yi ƙoƙari, ya raini 'ya ya raini jikoki, kuma ko lafiyayye aka bar wa namiji shi kaɗai a gida, sai abin da Allah ya yi.

Ana cikin kwasar ƙazantar da tsumma da bokiti aka yi sallama. Maƙwabciya mai ɗinki ce, da tsintsiya da garin sabulu a hannu. Ba ta ko kalli inda maigidan yake ba. Ta naɗe zane ta shiga aikin, sai da suka wanke ƙasan tas sannan ta ce, "Maman 'Yan Biyu, na kwashe kayan saman firijina. Ki fara tarawa daga yau, ki kawo. Mu ma mun shayar, mun san abin." A nan ne hawayen da tsutsa ba ta fitar ba suka zubo. An kuma yi yarjejeniya cewa idan Maman 'Yan Biyu ta koma makaranta, Baban 'Yan Biyu ne zai riƙa zuwa kowace safiya ya yi sallama a ƙofar mai ɗinki, ya gaishe ta da ladabi, ya karɓo kwalbar Auta. Ya riga ya je ya ba da haƙuri, a gaban matan gwajin kaya, kamar yadda ya yi laifin.

Marigayin ya rasu ya bar uwar ɗakinsa, Maman 'Yan Biyu, wadda har yanzu ba ta iya kallon shinkafa dafaffiya. Ya bar 'yan biyu da suka koma shan ruwa mai ɗumi suna gunaguni, da Auta wadda ba ta san abin da ta rasa ba. Ya bar abokin zamansa murhu, da injin markaɗe wanda shi ma jikinsa ba daɗi, da wani tabo mai kusurwa huɗu a ƙasan kicin da ya ƙi fita. Ya kuma bar kyankyasai masu yawa, waɗanda iyalin ba su amince da su a matsayin magada ba.

Za a fitar da shi ranar Asabar da hantsi, ta ƙofar baya, don kada a bi da shi ta falo. Baban 'Yan Biyu ne zai yi masa wanka shi kaɗai, ciki da waje, lungu-lungu, domin mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya shinshina ya ce ba zai ɗora shi a kurarsa a haka ba. Bayan wankan za a naɗe ƙofarsa da igiya, kuma ba za a buɗe wa kowa ya ga fuskarsa ba, komai kusancinsa da mamacin. Za a karɓi gaisuwa a tsakar gida, inda iska ke kaɗawa. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo dafaffen abinci, babu inda za a ajiye shi. Wanda kuma ya zo da kifi, ko ɗanye ko soyayye, ya juya tun daga bakin titi.