Shekara Goma Sha Huɗun da Na Ƙara wa Hajara

Na manta abubuwa da yawa a zaman London, har da lambar gidan da na fara sauka, amma ba zan taɓa mantawa da Larabar da na kai matata Hajara allurar korona ba. Ni direban tasi ne, shekara ashirin da wani abu ina Tottenham. Boko ban wuce firamare ba, Turancina kuma na titi ne, wanda ake tsinta a bakin fasinja. Duk da haka ban taɓa ɗaukar kaina a matsayin mara wayo ba, kuma daga nan matsalata take farawa kullum.

A lokacin shekararmu tara da aure ba mu samu haihuwa ba. Sau biyu ciki yana shiga yana zubewa. Na ukun ne Allah ya sa ya zauna, har ya kai wata biyar. Ban da mahaifiyarta da ke Zariya, babu wanda muka gaya wa. A wajenmu ba a shelar ciki, barinsa ake yi har ido ya gani da kansa, balle na fari, balle kuma a gaban surukai. Sanyi ya fara shigowa, ga hijabi ga babbar rigar sanyi, ko maƙwabciyarmu ba ta gane komai ba.

Ungozomar asibiti ce ta tayar da maganar a wajen awo. Ta ce ana ba masu juna biyu allurar ƙari, wadda suke kira booster, kuma tana ba Hajara shawarar ta yi. Ni na amsa, ba Hajara ba (ni nake amsawa a ko'ina, ko ba ni aka tambaya ba). Na ce a bari sai ta haihu. Yayana da ke Kaduna, ko da yake bai san da cikin ba, ya riga ya cika min waya da saƙon murya, kowanne da irin bala'in da zai faɗo wa mai cikin da aka tsira wa allura.

Matar nan ba ta yi fushi ba. Ta tambaye ni sana'ata, na gaya mata. Ta ce, fasinja nawa ne suke yi maka tari a ƙeya daga safe zuwa yamma? Ta ce cutar ta fi wahalar da mace idan ciki ya tsufa, har takan jawo haihuwa kafin lokaci. Ta ce allurar ana iya yin ta a kowane wata na ciki, kuma jira har a haihu yana nufin Hajara ta ƙetare sanyin nan gaba ɗaya ina shigo mata da numfashin rabin garin. Ta ce mu je mu yi shawara, jikin Hajara ne, ba dole.

Sati biyu Hajara tana juya maganar. Mahaifiyarta ta bugo ta ce kada ta kuskura. Hajara ta sake komawa wajen ungozoma da tambayoyinta a rubuce, ta yi istihara, ta yi kuka. Wanda bai taɓa dawowa daga asibiti da matarsa hannu rabbana ba, ba zai gane irin wannan tsoron ba. Ran Laraba da safe ina shan shayi ta tsaya a kaina da jakarta a rataye.

"Malam, zan yi. Amma yau ɗin nan za ka kai ni. In na sake kwana, Inna ta sake bugowa, zuciyata za ta juya, kuma ba zan ƙara iya tashi ba."

Na ajiye kofi na ce, "Dama abin da na yanke ke nan." (Allah ya yafe min.)

A wannan shekarar ba kowa ake yi wa ba. Sai wanda ya kai hamsin, ko mai wata lalura, ko mai juna biyu. Hajara shekararta talatin da shida, lafiyarta ƙalau, don haka ƙofa ɗaya ce gare ta, sai an faɗi abin da ke jikinta. Nan na nuna wayona. Akwai wurin allura kusa da mu, amma na san rabin masallacinmu can suke zuwa. Sai na nemo wani can wajen Marylebone da ba ya buƙatar booking, wato ba sai an ba ka rana ba, inda na tabbata ba za mu haɗu da ko Bahaushe ɗaya ba. Gaya wa Baturen da bai san ubanka ba cewa matarka tana da ciki ba komai ba ne. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ina ta maimaita kalmomin Turancin da zan faɗa a raina, guda huɗu ne kacal, har na ji sun zauna a bakina daram.

Muka tarar da layi, mutum wajen goma sha biyar. A bakin ƙofa akwai ɗan tebur, da wani dattijo ɗan sa-kai sanye da rigar nan mai ƙyalli da takunkumi a fuska, yana tambayar kowa rukuninsa yana sa alama a takarda. Ban kula da shi ba sai da saura mutum uku. Hular kansa ce ta fara ba ni tsoro. Sai kuma na ji Hajara ta damƙe min hannun riga.

"Malam. Baffa ne."

Baffa Garba ƙanin mahaifinta ne. Shi ne waliyyinta, a hannunsa na karɓi aurenta. Tsohon ma'aikaci ne mai ilimi, ya yi ritaya yana zaune wajen 'ya'yansa a yammacin gari, kuma ashe zaman gida ya ishe shi ya shiga aikin sa-kai. Mutumin da ko sunan Hajara ba na iya kira a gabansa, sai dai in ce "mutanen gidan".

Na ce mata a hankali, "Mu juya, gobe ma rana ce."

Ta ce, "In na fita daga layin nan ba zan dawo ba. Na gaya maka."

Haka muka isa gabansa. Na durƙusa a kan tayil ɗin Turawa na kwashi gaisuwa, mutane suna kallona kamar na yar da wani abu ina nema.

"A'a! Direba! Hajara! Ku ne a unguwarmu? Tashi, tashi, kana tare hanya. Wa za a yi wa?"

"Mutanen gidan ne, Baffa."

"Madalla. Wane rukuni?"

Kalmomi huɗun nan da na haddace suka gudu. Ta yaya zan dubi mutumin da ya ba ni 'yarsa in gaya masa wannan magana, a tsaye, a bainar jama'a?

"Ba ta ɗan jin daɗi ne, Baffa."

Fuskarsa ta canza. "Subhanallahi. Me ya same ta? Ciwon suga?"

"A'a."

"Asma? Zuciya? Ƙoda?"

"A'a, Baffa, lafiyarta ƙalau."

"To in lafiyarta ƙalau ai ba za su yi mata ba, sai dai ku koma. Ƙa'ida ce, ba ni na kafa ba. Dubi takardar."

Na dubi takardar. Na ji Hajara ta saki hannun rigata. Na san in muka koma shi ke nan, sati biyun da ta yi tana tattara ƙarfin hali sun tafi a banza. Idona ya sauka a layin farko, shi kaɗai ne nake iya karantawa ba tare da na haɗa baƙi ba, saboda lamba ce. Sai na miƙe ƙirji, da muryar nan tawa ta mutumin da ya san abin da yake yi, na ce:

"Ta shekaru ce, Baffa. Ta cika hamsin."

Baffa ya cire tabarau. Ya goge shi da gefen riga. Ya mayar.

"Wa ya cika hamsin?"

"Ita."

"Hajara?"

"E, Baffa."

"Direba, ranar sunan yarinyar nan ni na riƙe ƙafar rago. Uwar da ta haife ta ma yanzu take hamsin da bakwai."

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni ban tsaya ba. Na ce, "Ai da lissafin watan Musulunci nake nufi."

"Lissafin Hijira shekara ɗaya yake ƙara wa mutum a cikin talatin da uku. Kai wane wata kake dubawa?"

Wata mata ce a bayanmu, 'yar Ghana, irin mutanen zango masu jin Hausa. Ashe tun ɗazu tana jin komai (ni da na ce babu Bahaushe a Marylebone). Ta kwashe da dariya har tana dafa bango.

"Ei, maigida! Yarinya sabo fil haka, ka ce ya yi hamsin? Ni da na yi hamsin da biyar, mijina ya faɗi haka a waje, wallahi yau ba ya ci tuwo!"

Turawan layi ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma dariya ba ta buƙatar tafinta. Wani ma'aikaci ya leƙo yana tambaya ko akwai matsala. Zufa ta jiƙa min hula a cikin wannan sanyi.

Hajara ta zuge jakarta, ta ciro fayil ɗin awon da ungozoma ta ba ta, ta ɗora a kan teburin da hannu biyu, ta juyar da fuskarta wajen bango. Baffa ya dubi bangon fayil ɗin. Ya yi gyaran murya. Ya sa alama a takardarsa, ya tura mata fayil ɗin, shi ma idonsa a wani wajen.

"Tebur na uku, 'yata. Allah ya inganta."

Shi ke nan fa. Ba wanda ya faɗi kalmar, ba wanda ya ji kunya, ba wanda ya yi ƙarya. Abin bai kai minti ɗaya ba. Na sunkuyar da kai zan bi bayanta, Baffa ya tare ni da biro.

"Dakata. Kai shekararka nawa?"

"Arba'in da ɗan wani abu, Baffa."

"Ni na cike takardar aurenku."

"Hamsin da ɗaya."

"Ka yi taka?"

Ban yi ba. Sati biyu ina zaune a kan maganar jikin wata, ban taɓa tuna cewa ni ne mai kwaso tarin ba.

"Tebur na huɗu. Naɗe hannun riga. Ashe dai akwai ɗan hamsin a gidan."

Aka yi mana, ita a uku ni a huɗu. Ita ko motsi ba ta yi ba. Ni na rufe ido ina salati har ma'aikaciyar ta ce an gama tun ɗazu. Muka ɗan zauna a kujerun hutawa, ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Da lokacin tafiya ya yi sai ta miƙo min hannu.

"Malam, kama tsohuwa ta tashi. Ka san gwiwa sai a hankali."

Hannunta ya yi tsami kwana biyu, ni na kwanta da zazzaɓi ina nishi kamar an yi min fiɗa, ita ke kawo min shayi. Cikin ya zauna har watansa, Allah ya ba mu 'ya mace. Ranar suna Baffa ya jira sai da gidanmu ya cika maƙil, sannan ya miƙe ya ce a taya shi murna, a danginsu an samu wadda ta haihu tana da hamsin. Ya ba da labarin tun daga farko, har da muryata yake kwaikwaya. Yau a masallacin Tottenham, in matasa suna gardamar ranar ganin wata, sai wani ya ce a tambayi Direba, shi ne masanin lissafin Hijira.

Har gobe ba zan iya faɗin wannan kalma a gaban Baffa ba, kuma ba na jin zan koya. Abin da na koya bai fi wannan ba: in muka je asibiti yanzu aka yi tambaya, nakan ja baya taku ɗaya in riƙe jaka. Ashe ita ma tana da baki, kuma ko ba ta buɗe shi ba ta fi ni iya bayani.