Dokin Baba Pam

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren 'yar Baba Pam ba, duk da na shafe shekaru ina ƙoƙarin in manta. A ranar ne na miƙe gaban taron jama'a, cikin babbar rigar da na aro wurin yayana, na kira dattijon da ya fi kowa yi mini kirki a garin Jos macuci. Kuma duk a kan wani ɗan dokin katako da bai kai babban yatsana tsawo ba.

Bari in faro daga tushe. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, soja na shirin miƙa mulki, ni kuwa ina saurayi a Anguwan Rogo, ina aikin akawu a wata rumfa a kasuwar Katako. Aikina in ƙirga falanki nawa ya shigo, nawa ya fita (ku lura, ƙirga ce sana'ata). Baba Pam kuwa dattijo ne ɗan Birom, tsohon ma'aikacin kamfanin kuza, kuma babba a cocinsu. Ya zo sayen katakon gyaran benci ne ya tarar da ni ina cin mutane a dara, ina cika baki. Ya tsaya ya kalle ni na ɗan lokaci, sannan ya ce akwai wata darar da ya koya wurin Turawan kuza, sunanta ces, in ina so zai koya mini. Asabar na zagayowa sai ga shi da allo a hammata.

Shekara uku muka yi muna zama duk Asabar a bayan rumfa. Gaskiya ina da baiwa, shi da kansa ya faɗa. Idona na saurin hango tarko, kuma in dai a farkon wasa ne, ba na barin abokin karawa ya numfasa. Matsalar ita ce ban san komai ba sai hari. Sarauniyata, wadda ta fi kowa ƙarfi a allo, kan fita yawo tun sauran ba su farka ba, sarkina kuwa in bar shi a gida ko mai gadi babu. In wasa ya yi tsawo, aka rage daga sarki sai 'yan sojoji, sai in fara hamma. Nakan yi taku cikin daƙiƙa ɗaya, in yi nadama a ta biyu.

Baba kuwa akasina ne. Sai ya ajiye ɗan wasa a lungu ya bar shi kamar ya manta da shi, har sai ka manta da shi kai ma. Sau nawa yana gaya mini, da irin Hausarsa, “Akawu, kai kana ganin abin da kana so ka yi, ba ka ganin abin da yana kan allo.” Sai in ce to Baba, in sake fito da sarauniya. A shekara ukun nan canjaras biyu na samu, ban taɓa cin sa ba ko sau ɗaya, kuma abin na ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Da Baba ya gaji da birni sai ya koma ƙauyensu can bayan Bukuru yana noman acca da dankali. Ya ce nisa ba zai hana mu wasa ba, za mu yi ta wasiƙa. Kowa ya jera allonsa a wurinsa, in na yi taku in rubuta in kai gidan waya, shi ma ya rubuto nasa, kowa ya matsa 'yan wasan ɓangarorin biyu a allonsa. Taku ɗaya kan ci kwana goma. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: duk lokacin da wasiƙa ta zo, in rushe allon, in sake jera shi tun daga wasiƙar farko, don kada kuskure ya shiga. Na yi hakan sau biyu, sannan na ce ai ni ƙwaƙwalwata ta ishe ni. Allon na kan kanta a rumfa, duk sanda aiki ya lafa sai in sauko da shi in yi ta gwaji, in ci wannan, in ture wancan, sannan in mayar da kowa wurinsa da ka.

Wasan ya kai wata bakwai, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: ɓangaren sarkin Baba a buɗe yake, ba mai tsaro. Na tura sarauniya. Ya rubuto takunsa, ya ƙara a ƙasa, “Ka duba allonka da kyau.” Na karanta wa mutanen rumfa, na ce tsoho ya tsorata. Na ƙara kusanta ta. Ya sake rubuto wannan magana, har ya ja mata layi. Ni kuwa na riga na shelanta wa duk Katako, har da masu dakon da ba su san sarki daga soja ba, cewa saura taku biyu in kashe sarkin malamina.

Sai wasiƙa ta zo tare da katin gayyatar auren 'yarsa Rifkatu, wanda za a yi a nan Jos. A ƙasa ya rubuta takunsa: doki ya ci sarauniya.

Na duba allona. Wane doki? Baba doki ɗaya gare shi, yana can wani gefe. Ɗayan kuwa ga shi kwance cikin gwangwanin da nake zuba waɗanda aka ci. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa in ɗauko wasiƙunsa in sake jerawa. Abin da ya zo mini shi ne, ashe tsohon nan ba zai iya haɗiye a ce ɗalibinsa ya ci shi ba, har ya tayar da mataccen doki. Na yi kwana biyar ina dafa wannan magana a cikina. Ranar biki na sa dokin a aljihu a matsayin shaida.

An yi liyafar a zauren wata makarantar firamare. An jera benci, dangin ango a gefe guda, na amarya a ɗaya, ga limamin cocin a gaba, mata sai zagayawa suke da shinkafa da gwate. Baba ya tarbe ni da kansa, ya riƙe hannuna ya kai ni wurin da aka ware wa baƙinsa Musulmi, ya ce naman nan ɗan uwanku ne ya yanka, ka ci ba fargaba. Na ci kuwa, har na ƙara (wannan ma yana cikin abin da ke damuna, da cikina cike da shinkafarsa na yi abin da na yi).

A irin bikinsu, shugaban taro kan kira mutane ɗaya bayan ɗaya su faɗi abin da suka sani game da gidan amarya, don dangin ango su ji irin gidan da suka ɗauko mata. Aka kira wani tsohon abokin aikinsa, aka kira wata malamar asibiti, kowa na yabon gaskiyarsa. Sai na ji an ce Baba ya roƙi a kira ɗansa na Katako. Ni ke nan. Ni kaɗai ne saurayin da aka ba wannan girma a ranar.

Na fara da kyau. Na ce ya koya mini wasa, ya riƙe ni kamar ɗansa. Da a nan na zauna, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma aka yi tafi, tafin ya hau mini kai, hannuna ya taɓa dokin a aljihu. Na fito da shi na ɗaga sama na ce, “Sai dai ina gargaɗin surukai, kada ku yi wasa da Baba ta wasiƙa. In ya ga za a ci shi, matattu yake tayarwa. Ga dokin da na ci tun damina, jiya-jiya ya taso ya ci mini sarauniya. Wannan ai cuta ce.”

Na tsaya ina jiran dariya. Mutum biyu suka fara, suka ga ba mai taya su, suka daina. Uban ango ya juya ya kalli Baba. Amarya ta sunkuyar da kai. Sai a lokacin na gane cewa kusan duk zauren ba wanda ya san mene ne ces, abin da suka ji kawai shi ne wani baƙo ya ce dattijon coci macuci ne, a gaban surukansa.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya ƙarƙashin kujerarsa ya jawo jaka, ya fito da ƙaramin allo da ƙunshin takardu ɗaure da zare. Wasiƙuna ne, duka, a jere. Ashe ya taho da su ne don bayan an watse mu zauna mu ƙarasa wasan ido da ido, kamar da. Ya sa aka ture kwanukan da ke kan teburin gaba, ya jera allon, ya miƙo mini ƙunshin ya ce, “Rubutun hannunka ne. Karanta, ni zan matsa.”

Na fara karantawa da ƙarfin hali. Wasiƙa ta ɗaya, ta biyu, ta biyar. Ina karanta nawa, yana faɗin nasa daga ɗan littafinsa, mutane sun kewaye mu suna leƙe kamar ana duba mara lafiya. Dokin na nan a lungunsa. Ta takwas, yana nan. Ta sha biyu, yana nan. Ina ta jiran wasiƙar da na ci shi, takardu na ƙarewa a hannuna.

A wajen ta sha biyar na tuna. Wata rana da damina ina gwaji, na ce bari in ga in na ci dokin nan me zai faru. Na ɗauke shi na jefa a gwangwani. Sai motar katako ta iso, oga ya ƙwala mini kira. Da na dawo na mayar da nawa wurarensu da ka, dokin kuwa na bar shi a gwangwani. Tun daga ranar Baba bai motsa shi ba, saboda haka ba abin da ya tona kuskuren. Wata huɗu ina wasa da allo mai kuskure, har na kai hari kan ƙofar da nake gani a buɗe, alhali mai gadi na zaune a bakinta.

Na karanta wasiƙar ƙarshe da muryar da ni ma ban ji ta ba. Baba ya ɗauki dokinsa ya ture sarauniyata a hankali. Wani daga dangin ango ya tambaya ko wa ya yi gaskiya, limamin cocin ya ce ai a duba fuskar yaron. Nan aka yi dariyar da nake nema ɗazu, sai dai ni ake yi wa. Baba bai yi ba. Ya naɗe allonsa, ya ce, “Sau biyu na ce ka duba.” Ya koma wurin baƙinsa.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in durƙusa a wurin, gaban mutanen da na ɓata shi, in ce Baba ku yafe mini. Ban yi ba. Na sulale ta ƙofar baya na kama hanyar Anguwan Rogo a ƙasa, da dokin a aljihu. Na ce gobe zan rubuta. Ni da nake taku cikin daƙiƙa ɗaya, sai da na yi wata biyar ban iya haɗa layi uku na ban haƙuri ba.

Da na gaji da kunyar, wata Lahadi da yamma na hau mota na je ƙauyen. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka dama mini kunun acca, ya tambayi mahaifiyata da mutanen rumfa. Na durƙusa na ba da haƙuri, ya ɗaga ni ya ce ya wuce tuntuni. Na ji sanyi a raina, na jawo allona daga jaka na fara jerawa. Sai ya ɗora hannu a kai ya ce, “Bar shi, Akawu. Ido ba ya gani yanzu.” Na yarda. Na ci gaba da zuwa gaishe shi duk shekara har ya rasu, muna hirar noma da tsadar katako, ba mu sake wasa ba.

Bayan rasuwarsa ne na haɗu da Rifkatu a kasuwa, muna maganarsa na ce Allah sarki, ido ya hana shi wasan da yake so. Ta dube ni da mamaki, ta ce wane ido? Ai Baba har makon da ya rasu yana karanta littafinsa ba tabarau, kuma duk Asabar yana wasa da wani malamin makaranta.

Har yau ina buga ces, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, sarauniyata ba ta daina fita da wuri ba. Abu ɗaya dai na koya, da tsada: kafin in ce wani ya yi cuta, sai na rushe allona na sake jerawa tun daga farko. Yawanci kafin in gama jerawar, na riga na ga wanda ya kamata ya ba da haƙuri.