Lokotoron Yaran da Na Naɗa wa Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da mutanen Gure sun yi mini alheri sun manta (kuma ba su da niyya), da ranar da na ja hannun Rakiya, 'yar ƙanena Isufu, na ratsa taron suna da ita ina cewa a ba lokotoro hanya.

Bari in fara da kaina, don daga nan ɓarnar ta taso. Na fi shekara talatin ina fatauci. Na zauna Kano, na zauna Kwatano da Abijan, na yi Njamena, na yi Sabha ta Libiya. Hausa da Barbarci a gida na sha su, Larabci a kasuwa, Turanci a bakin direbobin Najeriya. Faransanci kuwa aji shida kawai na yi a lakwal, sauran a tashar jirgin ruwa da ƙofar 'yan duwan, masu karɓar harajin kaya, na tsince shi. Da na dawo Gure na zauna, duk mai takarda sai ya kawo mini. Suka sa mini suna Tafinta. Ban taɓa cewa a daina ba.

Isufu mutum ne mai shago a kasuwa da lambu a kwari, can tsakanin tuddan rairayi. Bai yi boko ba, amma da Rakiya ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya bar ta ta tafi jami'a a Yamai. Shekara uku ta yi tana karatun biyoloji, ta dawo da lisansi. A nan ya ce ya isa. Ya ce ta nemi kwantiragin koyarwa a Gamu, kusa da gida. "Yaya," ya ce mini, "ga 'ya'yan mutane nan da lisansi a aljihu suna tuƙa kabu-kabu. Ƙarin karatu ƙarin me?"

Ita kuma ta zo da takardar da ke cewa an karɓe ta masta, shekara biyu. Aka kira ni zaure bayan la'asar in karanta. Na sa tabarau, na gyara zama, na bi layi da yatsa har na iso kan kalmar: pedoloji.

Ban taɓa ganin kalmar ba. Mai hankali a nan zai tambaya. Ni kuwa sai na tuna ƙyandar da ta kama ɗana a Abijan, da ƙofar da aka shiga da mu a asibiti, an rubuta pediyatiri a samanta. Pedi, pedo, ai uwa ɗaya uba ɗaya. Loji kuma ilimi ne, kowa ya sani. Na cire tabarau a hankali, irin cirewar da na ga manyan ma'aikata suna yi.

"Isufu, ka san abin da yarinyar nan za ta zama? Lokotoron yara."

Rakiya ta ɗago kai. "Baba, ai ba..."

"Yi shiru, manya na magana. Ni da na shiga asibitin Abijan da ƙafata?"

Isufu ya dubi takardar. Ya binne 'ya'ya biyu tun ba su yi baki ba, ɗaya yayan Rakiya, ɗaya ƙanwarta. Ya share ido da gefen rawani ya ce, "In dai wannan ne, ta tafi."

Ta tafi. Ni kuma na ɗauki labarin na zagaya da shi. Na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa a rumfar mai shayi, na faɗa wa makiyayan Alakos da suka kawo awaki kasuwa (ba su tambaye ni ba). Har kwatance nake yi: a Kano sai ka yi layi tun safe kafin ka ga irinta, a Sabha daga Masar ake ɗauko su, mu ga tamu ta gida.

Bayan shekara ta zo hutu, ya dace da sunan jikan Isufu. An raɗa suna, an yi addu'a, muna zaune a ƙofar gida ana raba goro, sai kururuwa ta tashi daga ciki. Wata surukar gidan, Falmata, ta fito da gudu ba mayafi, rungume da ɗanta mai shekara biyu. Jikinsa kamar garwashi, idanu sun juye, hannu da ƙafa suna shure-shure. Wani ya ce a tsayar da kabu-kabu a tafi asibiti, har mai babur ya juyo.

Ni na ɗaga hannu na tsayar da shi. Wannan hannun nawa.

"Wane asibiti? Ga lokotoro a cikin gida!"

Na kutsa cikin mata, abin da ban yi ba tun ina yaro, na iske Rakiya a bakin murhu da ludayi a hannu. Na jawo ta. Tana cewa, "Baba, tsaya, Baba, saurara," ni ina cewa, "A ba ta hanya! Ku matsa!" Jama'a suka buɗe. Falmata ta durƙusa ta miƙa mata yaron tana cewa, "Lokotoro, don Allah, lokotoro."

Rakiya ta matso kunnena ta ce a hankali, "Baba, a kai shi asibiti yanzu."

"Ke duba shi mana! Kunyar me kike ji? Me aka koya miki shekara guda?"

Sai ta ɗaga murya, muryar da ban san tana da ita ba.

"Baba, ƙasa nake karantawa! Ƙasa!"

Ko a nan ban gane ba. Na ce, "Wace ƙasa? Nijar? Siyasa kika koma?"

"Ƙasar noma! Turɓaya, yumɓu, rairayi! Pedoloji ke nan. Ni ba lokotoro ba ce!"

Na ji ƙarar ludayin da ya faɗi. Ita ba ta tsaya kallona ba. Ta kwantar da yaron ta gefe, ta ce kada a ɗura masa komai a baki, ta fizge ɗankwalinta ta jiƙa a randa ta shafa masa, ta ƙwala wa mai babur kira. Ta hau da yaron, Falmata ta hau wani babur, suka tafi. Suka bar ni a tsakiyar fili da babbar riga ta shadda, hannuna har yanzu a sama yana ba da hanya.

Na sha tsoro a rayuwa. Mota ta taɓa mutu mana a hamada kwana biyu. Amma ban taɓa jin abin da na ji a awa biyun nan da muka zauna a zaure ba wanda ke kallon wani. Lissafi ɗaya nake yi: minti nawa na ci wa yaron nan da surutuna? In ya mutu, da wane ido zan kalli uwarsa?

Wajen azahar waya ta yi ƙara. Zazzaɓin sauro ne, an sa masa ƙarin ruwa, ya buɗe ido. Aka yi hamdala. Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara.

Da Rakiya ta dawo, Isufu ya sa aka kira ta zaure, gaban maza. "Shekara guda ina cewa 'yata za ta ceci 'ya'yan mutane. Ashe rairayi kike ƙirgawa. Rairayin da ya cika mana ƙofa kyauta! Kin yaudare ni. Ba za ki koma Yamai ba."

Ta sunkuyar da kai. Ba ta kalle ni ba. Kuma ga gaskiyar da ban cika faɗa ba: na yi shiru. Na ɗan lokaci, amma na yi. Zuciya tana ce mini in na kame baki, laifin zai zauna a kanta, Tafinta ya tsira da sunansa.

Na dai buɗe baki. "Isufu, ba ita ta karanta takardar ba. Ni na karanta. Ban san kalmar ba, na ƙaga mata ma'ana. Ta so ta gyara, na ce ta yi shiru. A gabanka aka yi."

Taubashina Bukar, wanda bai taɓa barin dama ta wuce shi ba, ya ce daga lungu, "Harshe biyar, Tafinta, ba a samu na tambaya a ciki ba?" Wasu suka yi dariya. Isufu bai yi ba.

Rakiya ta ce wa ubanta, "Ni ma da laifina, Baba. Da na ga ka yarda, na ji tsoron in gyara ka fasa."

Isufu ya ce, "To wannan karatun, wa ke ɗaukar mai shi aiki?"

Ta ce ma'aikatar noma, da masu aikin tsayar da rairayi kada ya binne kwaruruwa. Sannan ta ce, "Farin nan da ya fito a gabashin lambunka, inda rogo ke ƙonewa, kana cewa baki ne aka yi maka. Kanwa ce ke hawowa daga ƙasa. Na ɗebi ƙasar a leda na tafi da ita, na auna. Akwai abin da za a gwada, amma ban gama koyo ba."

Na ga ƙofa ta buɗe, na ce, "Ai a Sabha na ga wani injiniya yana..."

"Yaya," in ji Isufu, "don girman Allah."

Na yi shiru. Ya tashi ya fita bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kwana tara ya yi bai tada maganar ba, ni ma ya daina tsayawa ƙofata. Ranar da hutun ya ƙare, Rakiya ta ɗaure kayanta ta zauna tana jira, ba ta san ko tafiya za ta yi ko kwancewa ba. Sai ga shi da hantsi, ƙafafu duk laka, riƙe da leda uku. Ya ajiye a kan jakarta.

"Wannan ta gabas, wannan ta tsakiya, wannan ta bakin rijiya. Kada ki haɗa su. Tashi, mota ba ta jira."

Ta gama. Yanzu tana aiki da masu lambu a kwaruruwan yankin nan, fuska duk ta ƙone da rana, kuma suna kiranta lokotoron ƙasa. Ni kuwa sunan Tafinta ya bi ruwa. Har jikokina Baba Pedo suke ce mini, ɗan Falmata ma da ya yi baki da shi ya fara.

Har yanzu ana kawo mini takardu, don ba a daina yi wa tsoho kara ba. Ina sa tabarau kamar da, ina gyara zama. Amma kafin in karanta layi ɗaya, sai na dubi mai takardar na ce, "Kai fa, me ka ce an rubuta?"