Yadda Ake Shigo da Daji Falo Don Kama Uwar Miji

Ke da kike zaune a falon siminti kina son a ce kin waye, matso kusa. Wannan hanya tabbas ce, ba ta taɓa ba wa kowa kunya ba. An gwada ta a Zuru, a gidan Saloma matar Kofur Mika, a shekarun da wayar salula ta shigo gari, kuma bangon yana nan ga mai son gani.

Mataki na 1: Nemo dalili mai nauyi

Ba a shafa wa bango ganye haka kawai, mutane za su ce kin taɓu. Saloma tana da nata dalilin. An tura Mika aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya, uwarsa kuma tana Dabai ita kaɗai, ga kumburin ƙafa, ga taurin kai. Duk ranar da Saloma ta je wurin mai lemar buga waya a bakin kasuwa amsa wayarsa, maganar ɗaya ce: "Ki ɗauko Mama kafin damina. Kar in dawo in tarar da kabari."

Mama kuwa ta rantse ba za ta kwana a gidan da ido ba ya ganin ko ganye ɗaya ba. Abin ya tsaya wa Saloma a rai, domin tana son tsohuwar, duk da tsohuwar ba ta taɓa yabon miyarta ba.

Mataki na 2: Kar ki kusanci shuka ta gaske

Shuka ta gaske tana son ruwa, tana kiran sauro, wani lokaci har da maciji. Mai ilimin ado ba ya wannan wahalar. Je kasuwa ki kwaso labule mai ganye, rigunan kushin masu ganye, ledar ƙasa mai ganye, ki ɗora furen roba a kan talabijin. Saloma har farantan cin abinci ta canja. Ƙa'idar masana ita ce: idan akuya ta leƙo ta shinshina ta wuce abinta, adon ya yi.

Mataki na 3: Buga bango da hannunki

Tsinko ganye, tsoma shi a koren fenti, manna a bango, ɗaga a hankali. Maimaita har bayanki ya ƙage. Saloma ta zaɓi ganyen rama, saboda yatsunsa suna fitowa tsaf. Ta cika bango tun daga ƙofa har taga, ta koma gefe ta riƙe ƙugu tana jin kanta.

Mataki na 4: Kira maƙwabciya mai baki

Kowace unguwa tana da tata, ta su Saloma sunanta Gladys. Ta shigo, ta kalli bango, ta kalli Saloma, ta sake kallon bango.

"Saloma, ba wannan ganyen ne 'yan acaba suke maƙala hotonsa a bayan babur ba?"

"Rama ce fa!"

"Ni na san rama ce. Fasto fa, ya sani? Gobe zumuntar mata a gidanki take. Matar soja da bangon wiwi!"

Kar ki yi gardama. Nemo farin fenti ki shafe, ki buɗe tagogi, idan mata sun zo ki ce tsafta ce ta motsa miki.

Mataki na 5: Zaɓi ganyen da ba wanda yake zuƙa

Saloma ta koma kan kaɗanya: ganye dogo, gefensa a lanƙwashe, ba shi da tarihi a wurin 'yan sanda. Wannan karon ta ƙi warwatsa shi. Ta riƙa buga shi dami-dami, gindi a haɗe, kawuna a baje suna kallon sama. Da yake mai tsanin da ta aro ya karɓe abinsa, sai ta jera damin daidai ƙugunta, ta zagaye falon kaf. Idan aka tambaye ki dalili, ki ce haka ake yi a Abuja.

Mataki na 6: Ɗauko tsohuwa da dabara

Ki ce asibiti za a kai ƙafa, a biya gida shan ruwa kawai. Haka Saloma ta yi. Mama ta shigo tana dogara sanda, ta murza labule da yatsa.

"Matar Mika, mi ne wannan? Ba shi miya, ba shi magani."

Ta ƙwanƙwasa furen roba da sanda, ta yi tsaki. Zuciyar Saloma ta karye, ta fara tunanin abin da za ta faɗa wa Mika a wurin mai lema. Sai tsohuwar ta kai ga bango, ta tsaya cak.

Mataki na 7: Rufe bakinki

Nan ne ƙwararru da yawa suke ɓata aiki da bayani. Saloma ba dabara ce ta sa ta shiru ba, tsoro ne. Mama ta shafa damin ganyen da tafin hannu, ta daɗe.

"Wa ya nuna miki wannan?"

"Ba kowa, Mama. Ado ne na zamani."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Zamani! Wannan muke ɗaurawa a ƙugu ina yarinya, ɗaya gaba, ɗaya baya, kullum sabo. Aka ce ba mu waye ba. Aka ba mu zane, aka ce kar a sake ganinmu da ganye a cikin mutane. Uwata ta kwance nata tana kuka. Yau ga shi an ɗaura wa falo, har ana kiran baƙi su gani."

Ta share ido da bakin zane. Saloma ta rasa inda za ta sa kanta, kunya da tausayi suka haɗe mata.

"Amma kin juya shi," in ji Mama. "Kai ƙasa yake kallo. Wa zai fita da shi haka? Aika Dabai a kawo mini kayana. Ba zan bar gidan ɗana tsirara ba."

Gargaɗi

Mai wannan nasiha ba ruwansa da abin da ya biyo baya. Alkawarin da aka yi shi ne tsohuwa za ta zauna, kuma ta zauna. Ba a yi alkawarin ba za ta shanya zogale a kan babbar kujera ba, ko ba za ta rataye kuka a jikin labule ba, ko ba za ta zo da akuyarta ba. Furen roba kuwa a nemi labarinsa wurin akuyar, wadda ba ta san ƙa'idar masana ba.

Mika ya dawo ya tarar da uwarsa da rai, zaune a kan ledar ƙasa da ƙafa a miƙe, tana nuna bango da sanda, matarsa kuma a durƙushe da gwangwanin fenti tana juya ganye dami bayan dami. Miyar dai har yau ba a yaba ba.