Rasuwar Baƙa, Bindigar Malam Yusha'u, a Hannun Kafinta Bahago

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai sabon giɓi, Malam Yusha'u Lawan, akawu mazaunin Malali, yana sanar da 'yan uwa da abokan farauta rasuwar bindigarsa Baƙa, wadda ta cika ranar Asabar a dajin Rigacikun.

Marigayiya ba ta taɓa ba maigidanta kunya ba. In ta ce "ƙas", zabi su yi tsit. In ta ce "daram", a ɗora tukunya a gida.

Ciwon ajali ya faro ne bayan ƙarin albashin Udoji. Malam ya yi ƙiba, kumatu suka ciko, kafaɗa ta yi nama, ƙotar bindiga ta daina zama masa daidai, saiti ya fara kaucewa. Sai ya kai ta wurin Rabe kafinta na Unguwar Kanawa don a rage tsawon ƙotar kaɗan, a fere inda kunci ke kwanciya. Rabe ya rantse shi ya riƙa gyara wa sojoji tasu lokacin yaƙi. Ƙarya yake. Ko akurkin kaji a karkace yake haɗa shi.

Mutumin nan bai auna kafaɗar mai bindiga ba, tasa ya auna. Ga shi gajere, ga shi bahago. Ya sa zarto ya datse, ya fere gefen da nasa kuncin yake kwanciya, da katakon ya tsage ya buga ƙusa ya shafe wurin da fenti, ya miƙo yana murmushi.

Ranar Asabar garken zabi ya tashi a gaban maharba, cikinsu har da Alhassan, wanda ya daɗe yana cewa sa'a ce kawai ke ciyar da Malam. Malam ya ɗora, ya ja kunama. Marigayiya ta yi wani tari da ba a taɓa jin ta yi ba, ƙota ta dare gida biyu, ƙarfe ya daki Malam a baki, harsashi ya tafi ya fasa fitilar babur ɗin Alhassan. Ko gashin zabuwa ɗaya bai faɗo ba. Kafin Litinin har Babbar Kasuwa ana cewa idon Malam ne ya mutu. Idonsa lafiya lau, kuma sai an wanke sunansa.

Ta rasu ta bar maigidanta, da jakar harsashi, da kwalbar mai, da uwargida Sa'adiya wadda yanzu ta koma layin mahauta kamar kowa.

Za a miƙa ƙarfen da lasisinsa ga 'yan sanda gobe da hantsi. Zaman makoki kuwa a ƙofar shagon Rabe za a yi shi, da ɓarin ƙotar a shimfiɗe kowa ya gani, kuma ba tashi sai Rabe ya fito ya faɗa a gaban Alhassan kafaɗar wa ya auna. Masu zuwa ta'aziyya su taho da tabarmarsu, don Malam bai lamunce kowa ya zauna a kan bencin da hannun mutumin nan ya haɗa ba.